Taraktar Surukina da Da'irar Riɗi

Ba zan taɓa mantawa da wani karin kumallo da na ci a gonar surukina ba, can Simsim, kudu da Gadarif a ƙasar Sudan. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, irin wanda ake yi wa ma'aikata kullum, ba wani abin tunawa a cikinsa. Abin da ya sa ya zauna mini a rai shi ne a gaban manyan mutane na ci shi, jikina duk laka, wandona a yage, ga tarakta can gabanmu tana ta zagaye ita kaɗai ba kowa a kanta, kuma duk wanda ke bakin tiren nan ya san aikina ne.

Kafin yaƙi a filin jirgin Hartum nake aiki, amma ba ɓangaren inji ko taya ba. Na'urar da ke riƙe wa matuƙi jirgi nake kula da ita, wadda idan ya saita mata alƙibla da nisan da yake so daga ƙasa za ta riƙe su ko da ya saki hannu ya sha shayi. Ilimin da ke cikinta yana da yawa, amma in aka tace shi abu ɗaya ne: ka auna inda kake, ka kwatanta da inda ake so ka kasance, ka gyara bambancin, ka sake aunawa. Iska ta ture hancin jirgi hagu, na'ura ta ji, ta mayar da shi dama kaɗan. Haka take yi har a sauka. Na daɗe a wannan aiki, har ina koya wa sababbin ma'aikata, kuma (Allah ya yafe mini) ina jin daɗin ɗan shirun da mutane kan yi a wurin ɗaurin aure idan aka tambaye ni sana'ata na faɗa.

Filin jirgin yana cikin wuraren da wuta ta fara ci. Jiragen da na san halin kowane ɗayansu, a waya na gan su sun zama gawayi. Muka fita ni da matata Ihlas da 'ya'yanmu mata biyu, muka ɗan zauna a Madani, can ma abin ya iske mu, muka ƙaraso Gadarif gidan mahaifinta, Alhaji Ɗahiru.

Duk Bahaushe ya san nauyin wannan magana. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a nan har zangon ya zama gida. Abubuwa da yawa sun zube a hanya, Hausar tamu ma yanzu kusan rabinta Larabci ne, amma kunyar suruki ta iso lafiya lau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. A da in muka zo hutu, gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da Alhaji, in durƙusa daga nesa, in tashi in fita. Yanzu ga ni a ɗakin da ke kallon nasa, ina alwala da butar gidansa, 'ya'yana suna cin tuwonsa safe da dare. Bai taɓa nuna mini komai ba. Bai ma taɓa kiran sunana ba, sai Bashmuhandis, wato babban injiniya, kuma duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an kira wani mutum da aka baro a Hartum. Da safe nakan saka kaya masu tsabta in fita kamar mai zuwa aiki, in je kasuwa wurin mai shayi in zauna da ire-irena, wani tsohon manajan banki, wani malamin jami'a, mu yi ta juya labarin yaƙi har azahar, in dawo ina goge goshi kamar na gaji.

Alhaji manomi ne, yana da babbar gona a Simsim, dawa da riɗi yake shukawa da taraktoci. Wata rana da damina ta matso, ina tsakar gida ina gyara wa Ihlas fanka, na ji yana magana da direbansa Usman. Direbobi sun yi wuya, kwanakin shuka kaɗan ne, wanda aka samu sai ya yini a kan tarakta har ido ya fara rufewa, layi ya karkace, a bar fili ba iri a nan, a ninka iri a can, ga gas ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Baba, ai tarakta za ta iya riƙe layi da kanta."

Ya juyo ya dube ni. "Da kanta?"

"Jirgi ma yana yi a sama, balle tarakta a ƙasa."

(Wannan "balle" ɗin na sha tuna ta daga baya.)

Sai ya ce akwai tsohuwar tarakta a gona, in ina so in gwada.

Na haɗa kayan aikina daga abin da kasuwa ta samu. Motar waifa, wato ɗan injin lantarkin da ke kaɗa waifar tsohuwar babbar mota, ita za ta riƙa juya sitiyari da bel. Daga cikin wata matacciyar waya na ciro ɗan abin da ke jin alƙibla. Wani abokin aikina da ya gudu Bur Sudan ya aiko mini da ɗan allon lantarki da zan rubuta wa lissafin. Na tare a sansanin gona ni da Usman, muna kwana a bukka. Gwajin farko ta tafi kamar maciji, in ta kauce hagu kaɗan sai ta yi wani irin gyara mai ƙarfi ta wuce dama, ta sake dawowa ta wuce. Na san wannan cuta, zafin gyara ne ya yi yawa. Na rage, sai ta zama malalaciya, tana ganin ta kauce amma sai ta yi nisa take tunanin dawowa. Haka na yi ta ƙarawa ina ragewa har wata safiya Usman ya ɗaga hannuwansa daga sitiyari, ta miƙe ta bi gona sak, ta bar layi a bayanta kamar an ja zare. Na tsaya a bakin gonar ina kallo, hawaye ya zo mini. Tun barinmu Hartum ban ji hannuwana nawa ne ba sai ranar.

Ban manta da tsaro ba, wannan ina so a rubuta mini shi a gefen alheri. Na samo rimot ɗin kulle mota, na haɗa shi da hanyar gas, ana dannawa inji zai mutu ko daga nesa. Na gwada shi ya fi a ƙirga. Bai taɓa ƙi ba.

Da Alhaji ya zo ya gani da idonsa, bai ce komai ba sai "Masha Allah." Amma da muka koma gari Ihlas ta gaya mini ya gayyaci maƙwabtansa manoma su zo su gani ranar da za a fara shukar riɗi, har da Alhaji Babikir, wani attajiri mai taraktoci da yawa da injin matsar man riɗi a cikin gari. In abin ya burge shi, aiki ya samu.

"Ban taɓa ganin Baba ya tara mutane saboda wani ba," in ji ta. "Jiya har a waya na ji yana cewa surukina."

Na ce mata ina da shiri. Zan tayar da ita, in sa ta a ƙaramar giya, in sauka in bar ta, su ga tana tafiya ba kowa a kai. Na ma sa wa na'urar ɗan jinkiri kafin ta kama sitiyari, don in samu in sauka a natse.

Ta ajiye tsintar wake da take yi. "Abu Amal," in ji ta (da sunan babbar 'yarmu take kirana), "don Allah kada ka sauka. Ka zauna a kai ka ɗaga hannuwa sama, ya isa."

Na ce ba za ta gane ba, abin da ido ya gani daban ne. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ranar, bayan sallar asuba, na je na tsaya ina kallon aikina da idon baƙo. An yi ruwa shekaranjiya, baƙar ƙasar nan ta yi laushi daidai shuka. Usman ya riga ya ɗaura diski, garmar fayafai da tarakta ke ja a baya, mai akwatin iri a kanta, tana huɗa tana shuka lokaci guda, ya cika akwatin da riɗi ya tafi taro baƙi a bakin hanya. Komai ya yi, sai wayoyin da ke zuwa motar sitiyari. Guntaye ne na jojjona, ja da shuɗi, an nannaɗe da salatif, suna reto kamar hanjin kaza. Na ce a raina manyan mutane ba za su zo su ga wannan a aikin mutumin da ya yi aikin jirgi ba. Ina da sabuwar waya a jaka, baƙa, mai kyau. Na cire tsofaffin biyu, na yanka sababbi biyu, na jona, na ɗaure su tsaf a jikin ƙarfe. Abin ya yi kyau ƙwarai. Ya zo mini a rai in ɗan tayar in gwada, sai na hango motocin baƙi sun karyo kwana, ga ni da singileti. Na ce waya ce kawai na canza, na ruga bukka in shirya.

Kwat ɗina na saka, wanda shi kaɗai ya tsira daga kayan ofis. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa, aka gaisa, aka sha shayi, sannan aka fito bakin gona. Na yi jawabi. Ya kamata in yi shi a taƙaice, amma mutumin da ya yi watanni ba wanda ya tambaye shi komai, in ya samu masu sauraro sai Allah. Na yi bayanin aunawa da kwatantawa da gyarawa, na kawo misalin jirgi a cikin hadari, har da zane a ƙasa da tsinke. Alhaji Babikir, dogon mutum mai farin rawani da ba ya jin Hausa sosai, ya bari na gama sannan ya tambaya da Larabci:

"In ta ƙi jin magana fa, ya Bashmuhandis?"

Na daki aljihun kwat ɗina. "Birkinta yana nan."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na hau. Rana ta riga ta ɗaga, jawabi ya sa ni gumi, ga zafin inji. Na tuɓe kwat ɗin na rataye a bayan kujera, na naɗe hannun riga. Na tayar, na sa giya, na ƙara totur ya ɗan fi yadda muka saba (don kada a ce tafiyar hawainiya take yi), na danna maɓallin na'ura, na diro, na yi gefe da sauri don diski ya wuce. Na juyo wajen jama'a na buɗe hannuwa.

Ta tafi sak. Na ji ana masha Allah, masha Allah. Na saci kallon surukina, na ga ya riƙe gemu yana gyaɗa kai. Wannan ɗan lokacin, gaskiya, ya yi daɗi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne har yanzu na'urar ba ta kama ba, jinkirin nan ne bai ƙare ba, tarakta ce kawai ke bin inda aka miƙa ta.

Sai ta kama. Hancin ya ɗan karkata hagu.

Na ɗaga murya na ce, "Ku lura da kyau, yanzu za ta gyara."

Ta ƙara karkata hagu. Na ce ƙasa ce mai laushi, ku ba ta lokaci. Daga inda nake ina hango sitiyari yana juyawa, yana juyawa, duk gefe ɗaya, har ya kai ƙarshe ya tsaya. Tarakta ta yi kwana, ta dawo ta fuskance mu, wasu suka ja da baya suna tattare jallabiya, ta wuce, ta koma inda ta faro, ta sake ɗaukar wannan hanyar. Zagaye take yi.

Na kai hannu aljihu a natse, kamar mutumin da ya san abin da yake yi. Hannuna ya sauka a kan riga. Na ɗaga ido, ga kwat ɗina can a bayan kujera, hannunsa ɗaya yana lilo.

Ban yi tunani ba, na zura da gudu. Wanda bai san lakar Gadarif ba ba zai gane ba: taku kaɗan na yi takalmin ofis ya ɗauko laka kamar an ɗaura mini bulo a kowace ƙafa, ɗaya ya maƙale ya zauna, na ci gaba da safa. Na tari taraktar ta cikin da'ira, na yi gudu a gefenta, na ɗaga ƙafa zan taka matakala. Abu biyu suka faru tare. Na ji wandona ya yi wata ƙara daga baya, doguwa, wadda na tabbata ta kai rumfa, kuma ƙafar da ke ƙasa ta zame. Na faɗi rigingine. Allah ne kaɗai ya sa na mirgina ta ciki, fayafan diski suka wuce kusa da ƙafata har suka watso mini ƙasa a fuska.

A nan na ji an kira sunana. Sunana na yanka, ba Bashmuhandis ba. Muryar surukina ce, ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba.

"Fito daga nan. Ka bari ta wuce, ka fito."

Na jira ta wuce, na tsallaka layin, na taho ina ɗingishi da takalmi ɗaya, hannu ɗaya a baya yana riƙe da abin da ya rage na mutuncina. Usman ya riga ya tuɓe takalmi yana cewa shi zai iya hawa. Alhaji ya riƙe masa hannu.

"Ba mai hawa. Gas ɗin da ke cikinta yana da yawa?"

"Ba yawa, Alhaji. Na gwaji kawai na zuba."

"To ta shanye abinta. Gas ana sayensa." Ya juya wajen baƙi kamar ba abin da ya faru. "Bismillah, ku zo mu yi fatur, mu karya kumallo."

Haka muka koma rumfa. Wani ya miƙo mini mayafi na ɗaura a ƙugu, aka zuba mini ruwa na wanke hannu. Na so in ɓuya a bukka, Alhaji ya nuna mini wuri a gefensa. Ni da ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ranar na fara, a wannan kama. Ana jin ƙarar inji ta yi nisa, ta matso, ta yi nisa, kuma duk sanda ta zo saitinmu hannun kwat ɗin nan sai ya ɗaga kamar yana gaishe mu. Kowa ya duƙar da kai a kan tuwo. Na ga kafaɗun Alhaji Babikir suna rawa, ya kai gefen rawani ya toshe baki kamar tari ne ya kama shi. Wani dattijo daga can ƙarshe, da nufin ya taimake ni, ya ce, "Amma fa zagayen ya yi daidai. Ko direba ba zai iya fitar da shi haka ba." Wannan ne ya kwance kowa. Aka yi dariya har da masu share hawaye, ni kuma ina ta tura loma.

A cikin wannan dariyar ne na gane abin da ya faru. Wayoyi biyu, duka baƙaƙe. Na juya su. Irin wannan mota in ka juya mata waya, baya take juyawa. Na'urar tana aunawa daidai, tana ganin ta kauce hagu, tana ba da umarni a koma dama, hannun da zai aiwatar kuma yana kai ta hagu. Ta sake aunawa ta ga kuskure ya ƙaru, ta ƙara ƙarfi. Ba lalacewa ta yi ba. Aikinta take yi da iyakar gaskiyarta, kuma ƙoƙarin ne ke ƙara ɓatar da ita. Na zauna ina kallonta tana wucewa, na ji ta ba ni tausayi, wataƙila don na san wani mutum a rumfar da ya yi watanni yana irin wannan gyaran.

Abin da ya fi ci mini rai, a aikin jirgi wannan shi ne darasin farko. Duk wanda ya taɓa abin da ke juya jirgi, ko ƙusa ɗaya ya kwance ya mayar, ba ya rufewa sai wani mutum daban ya zo ya duba, a motsa a ga hagu hagu ne, dama dama ce. Ni da bakina na sha gaya wa sababbin ma'aikata cewa ranar da ka ce "ɗan abu kaɗan na taɓa" ita ce ranar da za ka kashe mutane.

Da dariya ta lafa, Alhaji Babikir ya goge ido ya tambaye ni me ya same ta. Na yi niyyar in ce laushin ƙasa ne, ko zafin rana ya taɓa allon. Amma mutumin da ke zaune da mayafin aro a ƙugu ba shi da sauran abin karewa. Na gaya masa yadda aka yi, har da dalilin canza wayar.

"Waya biyu kawai?"

"Biyu kawai."

"Kuma jiya tana tafiya daidai?"

Usman ya ce ya rantse tana tafiya. Alhaji Babikir ya ce hmm, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Gas ɗin da Usman ya ce ba yawa ya kai mu har aka sha kofi, aka yi hirar farashin riɗi da labarin hanya, baƙi suka fara duban rana. Sai can inji ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Muka je muka duba. Akwatin iri wayam, riɗin da aka auna wa babban fili duk ya zube a zobe ɗaya. Ga gas ya tafi, ga rabin yinin shuka ya tafi, a shekarar da ba wanda ke da abin zubarwa. Na ɗauko kwat ɗina, na laluba aljihu, na danna rimot ɗin (ban san dalili ba). Ya yi ɗan ƙaransa, lafiyarsa ƙalau.

Da yamma muka kamo hanyar gari ni da Alhaji a motarsa, shi ke tuƙi. Sai da muka yi nisa. Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, na ba ka kunya a gaban mutane."

Bai dube ni ba. "Tsoro ka ba ni. Da fayafan nan sun hau ka, me zan gaya wa Ihlas? Me zan gaya wa yaran nan?"

Sannan ya ƙara da cewa:

"Kunya kuwa, duk waɗanda ka gani a rumfar nan ba wanda gona ba ta taɓa kunyatawa ba. Za su yi dariya su gaji." Ya kauce wa wani rami, ya ci gaba. "Tun da kuka zo nake kallonka. Kana sanɗa a gidan nan kamar wanda za a kora. Ka fita da safe ka dawo da azahar, ka ɗauka ban san wurin mai shayi kake zuwa ba? Ba sai ka sa tarakta ta tuƙa kanta ba kafin ka ci tuwon gidana. Gidanku ne. Da ni yaƙi ya koro, ai wurinka zan zo."

Na juya fuska wajen taga na daɗe ina kallon gonaki. Can sai na ji motar tana ɗan girgiza. Na waiwayo, ashe dariya yake yi, marar sauti, har ya rage gudu. "Hannun rigar nan," in ji shi, "da yake ta gaishe mu." Ban san sanda na kama ba ni ma. Muka tsaya a gefen hanya sai da muka gama.

Ihlas ta tare ni a ƙofar ɗaki, ta dubi mayafin, ta dubi ƙafata.

"Ka sauka ko?"

"Na sauka."

Ta juya ta je ta ɗora ruwan wanka. Na fi son da ta yi faɗa.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba. Usman ya ƙarasa shukar da na'urar, yana zaune a kujera, kuma ya ce ta rage masa gajiya sosai. Amma ba manomin da ya nemi a saka masa, ban kuma ga laifinsu ba. Bayan sallah sai ga saƙon Alhaji Babikir. Janaretan injin matsar mansa ne ke wasa, in aka ɗora masa nauyi sai ya yi ƙasa, ya zabura sama, ya sake yin ƙasa, har ya ƙona masa motar lantarkin da ke juya injin. Abin da ke riƙe gudun inji ne (makanikai gwamna suke ce masa) yake gyara da zafi, irin ciwon macijin nan na gwajin farko. Na daidaita shi. Daga nan wani ya ji, wani ya gaya wa wani. Yau aikina ke nan a Gadarif: janaretoci, famfunan sola, haɗa wutar gari da ta batir a ƙananan asibitoci yadda in ɗaya ta ɗauke ɗaya za ta karɓa ba tare da fitila ta ƙifta ba. Ba jirgi ba ne, amma lissafin ɗaya ne, kuma mun kama hayar gidanmu a bayan layin su Alhaji. Yawancin ranaku can nake cin abincin rana, kwano ɗaya da shi.

Riɗin kuwa ya fito. Ya fito cunkus, kore shar, zobe guda a tsakiyar fili, ana hango shi tun daga hanya. Na roƙi Alhaji a bi ta kai da diski, ya ce shi ba ya kashe abin da ya tsiro.

Bara wani aikin famfo ya kai ni wajen Simsim, na hau babbar motar kasuwa na zauna a gaba. Na gaya wa direban inda zan sauka, ya ce, "A'a, ka ce Da'irar Muhandis kawai, kowa ya sani." Na tambaye shi, kamar baƙo, me ya sa ake kiran wurin haka. Ya gyara zama. Wai wani injiniya ne daga Hartum ya saka wa tarakta ƙwaƙwalwar jirgin sama, ita kuma ta ɗauka jirgi ce, ta yi ta zagaye tana neman inda za ta sauka, kwana uku ba ta tsaya ba. Injiniyan kuma kunya ta sa ya tsallaka Habasha, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na ce, "Allah sarki. Allah ya sa yana lafiya."

Ya ce amin.

Na sauka a wurin, na tsaya har motar ta ɓace. An shuka dawa a filin, ba alamar komai, sunan ne kawai ya rage. Abin da na koya ba shi da yawa. Mutum ya riƙa dubawa ko gyaran da yake ta yi da ƙarfinsa yana kai shi inda yake nufi. In kuma ya zama dole sai ya yi abin kunya, ya fara leƙa akwatin iri ya tabbata ba komai a ciki, don nawa da aka yi masa ruwa tsirowa ya yi.